Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Shekara ashirin da uku na yi a Kakuri
ina tsaron kaskon rini a masaƙa.
Ni ke ɗiga magani a kwalba, in ɗaga ta sama,
in karanta launi kafin a tsoma yadi.
Ranar da aka garƙame ƙofa aka sallame mu
ban fito da komai ba sai idon nan
mai gane ruwa in ya sauya hali.

Yanzu kaskona akwatin gilashi ne
a kusurwar falo, nan Unguwar Dosa.
Kifi tara, ba wanda ya kai ɗan yatsa.
Da goma sha biyu ne.

Ukun nan ni na kashe su.
Ruwan burtsatsen gidanmu nauyi gare shi,
leƙa gindin butar shayi ka ga farin ɓawo kamar alli,
sabulu ma sai an lallaɓa shi yake kumfa.
Na ɗiga ɗigo biyar, kwalba ta yi shuɗi,
shuɗin da ke nufin kanwa ta yi yawa.
Sai na yi aikin ɗan koyo:
na tari ruwan Agusta a baho,
na kwashe na ciki, na juye na sama gaba ɗaya.
Da asuba uku na yawo a saman ruwa, ciki a sama.
Iklima ta ce, Kaka, barci suke yi?
Na ce ɗauko mini cokali.
Muka binne su a gindin zogale.

Dogara ne ya yi mini faɗa a waya,
shi da muka raba aikin dare da gurasa guda,
yanzu yana Sabon Tasha, gada na tsakaninmu.
Ya ce, kai da ka tsufa a bakin kasko?
Kifi na jure ruwa mai nauyi,
abin da ba ya jurewa shi ne a sauya masa duniya a dare ɗaya.

To, na koma makaranta.
Duk Asabar in zuƙe kashi ɗaya cikin biyar da siririn tiyo,
in haɗa na sama da na ƙasa a bokiti, su kwana tare,
sannan in zuba a hankali, kofi-kofi,
kamar mai ba majinyaci kunu.
Busasshen ganyen baushe guda biyu a ciki,
ruwan ya ɗauki kalar shayin da bai ji ganye ba.
In tsami ya nemi wuce gona da iri
akwai dakakken ɓawon katantanwa ƙulle a tsumma
da nake ratayawa a bayan matata.
An ɗauke wuta, injin iska ya yi shiru,
in zauna da kofi ina ɗiba ina kwararawa
har Iklima ta yi barci a kan tabarma.

A bayan tsohon littafin albashi nake rubutawa:
takwas, takwas, bakwai da ɗigo takwas,
mako guda ya koma takwas, ban san dalili ba,
bakwai da ɗigo shida.
Mako bakwai ke nan ba mu tona gindin zogale ba.

Jiya sai ga Dogara a Keke, da jarka a tsakanin gwiwoyi,
ruwan rufin gidansa ne, ya tace da ɗankwalin matarsa.
Shekara nawa rabon da ya taka gidan nan,
ba wanda ya ƙirga a cikinmu.
Na ɗiga biyar, muka ɗaga kwalba wajen taga.
Ya ce kore ne. Na ce da sauran shuɗi.
Ya goge tabarau, na matse ido,
tsofaffin masu rini biyu, launi ya gagare mu.
Muka kira Iklima daga tsakar gida.
Ta duba, hannunta duk ƙasa, ta ce,
kore ne, amma bai gama zama ba.
Dogara ya ce to Asabar mai zuwa,
ya bar mini jarkar.